Agogo na cewa 14.7, kwamfuta na cewa 15.2: ta wace hanya ya fi ka naɗi karatun sensa?

Wata tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar kamfanin GM na Amurka, ta 2004, mai silinda takwas. An sauya mata salansa, mai ita kuma yana so a daidaita mata shan mai. Mun ɗaura agogon waidiban, wato mai nuna awon iska da mai daga sensar salansa, kusa da sitiyari, mun ja farar wayarsa zuwa na'urar HP Tuners ta saita kwamfutar mota, injin ya yi zafi yana tafiya a silo. Agogo ya tsaya a 14.7. Allon kwamfuta ya ce 15.2. Yaron da ke taya ni aiki ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, sensar nan jabu ce, a mayar musu da kayansu." Na ce ya kunna fitilun gaba da fankar esi tukuna. Agogo ko gezau, kwamfuta kuwa ta hau 15.4. To sensa ɗaya ce ke ciyar da su biyun, in da ita ce ta lalace ai tare za su yi ƙarya.

Da muka sa mita tsakanin baƙar wayar agogo da ƙafar negatif ta soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar duba mota, sai ga ratar bolt 0.25, in an kunna fitilu ta ƙaru. Ashe wani mai wayarin da ya taɓa motar a baya ya tara negatif ɗin rediyo da na fanka da na wasu fitilu a kan kusa guda mai tsatsa a ƙarƙashin dashbod, ni ma don son sauƙi na rataya tawa a wurin. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wane kebur zai saya, sai na fara tambayarsa shekarar motarsa da kuma abin da yake son naɗa.

Sensar salansa da ke zuwa da yawancin tsofaffin motoci wasa kawai take tsakanin bolt 0.1 da 0.9, abin da ta iya faɗa shi ne mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Waidiban, irin su Bosch LSU 4.9, ita ke faɗin da nawa ya yi yawan. Fetur tsantsa yana ƙonewa daidai ne in an haɗa kilo 14.7 na iska da kilo ɗaya na mai; lambar in ta hau mai ya ragu, in ta sauka mai ya ƙaru. In an taka totur har ƙasa, injin da ba shi da tobo ana nema masa 12.5 zuwa 13, mai tobo kuwa ƙasa da 12. A irin wannan wuri rabin lamba ba abin wasa ba ne, fistin ake narkarwa da shi. Kuma kallon agogo kaɗai ba ya isa, don ba wanda zai iya tuƙi da gudu yana haddace lambobi. Dole karatun ya shiga rikodi guda da juyin inji da nauyin da ke kansa, layi kusa da layi. Hanyoyin shigar da shi huɗu ne: wayar analog kai tsaye cikin na'urar saiti, wayar analog ta cikin kwamfutar motar, wayar siriyal, sai layin CAN da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansa.

Analog kai tsaye

Wannan ce hanyar da aka fi bi, ita ce kuma ta fi sa mutane asarar dare. Tsohuwar na'urar HP Tuners, MPVI Pro, tana da soket ɗin EIO mai kafofin shiga huɗu, ana cusa waya a ɗaure da ƙaramin sukuru. MPVI2 da ta fito a 2018 ta koma amfani da kebur ɗin Pro Link, mai kafofin analog biyu da layin CAN ɗaya, kuma sai an sayi lasisin Pro Feature Set kafin ya yi aiki. MPVI3 ta 2022 tana zuwa da shi a buɗe. SCT X4, na'urar saiti ta wani kamfanin, ita ma tana da nata kebur ɗin na analog. Duk salon guda ne: agogo ya fitar da bolt tsakanin 0 da 5, na'ura ta karanta, manhaja ta juya shi zuwa lamba.

Daɗinta shi ne ba ruwanta da shekarar mota, kuma duk sensar da ke fitar da 0 zuwa 5 za ta shiga. Matsalarta ta samo asali ne daga yadda ake auna bolt. Bolt ba abu ne da ke zaune cikin waya ɗaya ba, rata ce tsakanin wuri biyu. Agogo yana aunawa daga nasa negatif, na'ura tana aunawa daga nata. In negatif ɗin biyu ba su zo daidai ba, kamar mudun da aka buga wa gindi ne, duk awon da aka yi da shi sai ya kauce.

Lissafin ba shi da wuya. Sensar tana da hita a cikinta da ke jan amfa ɗaya zuwa biyu, kuma wutar ta baƙar wayar agogo take komawa. A ce tsatsa ta sa turjiyar om 0.1 a inda aka ɗaure wayar, amfa 2 ta bi ta wurin, an sami bolt 0.2 ke nan. A tsohon agogon AEM mai lamba 30-4110, kowane bolt lamba 2 ne, wato kuskuren 0.4. A AEM X-Series bolt ɗaya lamba 2.375 ne, kuskuren ya kusa 0.5. A na kamfanin Innovate bolt ɗaya ya kai lamba 3, kuskuren 0.6. Hitar kuma ba a tsaye take jan wuta ba, kunnawa da kashewa take yi da sauri, shi ya sa wani lokaci za ka ga layin rikodi yana haƙora kamar zarto alhali allurar agogo a natse take.

Mu a motar can mun yi sa'a, kuskuren ya karkata ne wajen nuna ƙarancin mai, da mun bi shi sai dai mu ƙara mai mota ta riƙa hayaƙi. In ratar ta juya, rikodi ya nuna 12.6 alhali injin yana 13.1, mai saiti zai rage mai yana murna.

AEM sun san da wannan, shi ya sa X-Series ke da waya biyu na analog: fara ta sigina, da ruwan ƙasa ta negatif ɗin sigina. Ruwan ƙasan wurinta ƙafar negatif ta na'urar da ke karatu, ba bodin mota ba, kuma ba a barinta tana lilo. Sau da yawa na buɗe dashbod na tarar an naɗe ta da salatif an tura ciki, wai ai baƙar waya ta riga ta sha bodi. Tsohon agogon da ba shi da ita, sai ka kai baƙar wayarsa jikin inji da gajeriyar waya mai kauri, ka goge fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, sannan daga wannan kusar ka ja wata siririyar waya zuwa negatif ɗin na'ura.

Akwai masu gyara matsalar a cikin fomula, su ga ratar 0.5 su cire 0.5. Ban yarda da wannan ba. Ratar ba a tsaye take ba, tana bin fanka da fitilu da cajin altaneta, abin da ka cire a silo ba shi ne daidai ba a juyi 5,000. Wani abin kuma da ke yawan faruwa, batirin laftof ya mutu, an jona shi da inbata a ramin kunna sigari. Yanzu negatif ya sami hanya ta biyu ta kebur ɗin USB, ga ƙazamar wutar inbata. Kafin ka zargi kowace waya, zare cajar ka sake naɗa.

Gwajin da na fi so ba ya cin ko sisi. Ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5, auna shi da mita, a ce ya ba ka 1.58. Cire wayar agogo, ka jona kan batirin da kafar shiga, gindinsa da negatif ɗin na'ura, ka sa manhaja ta nuna ɗanyen bolt. In ta nuna 1.58, na'ura da kebur lafiya lau, matsalar tana daga can gaba. In ta nuna sifiri ko lamba mai yawo, ko ka jona kafar da ba ita ka zaɓa a manhaja ba, ko waya ta tsinke a ciki. A soket mai sukuru kuma duba da kyau, sau nawa sukurun ke kama robar waya maimakon tagullar. Ƙarar nan da mita ke yi in an gwada ko waya ta haɗu, kada ta ruɗe ka. Silin tagulla guda ɗaya da ya rage zai sa ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki wuta ba. Gwajin gaskiya shi ne auna ratar bolt tsakanin negatif biyu, inji na aiki, an kunna komai. In ta wuce bolt 0.05 akwai aiki a gabanka.

Tarkon fomula

Ko wayarin ya yi kyau, saura juya bolt zuwa lamba, kuma kowane agogo da nasa lissafin. Tsohon AEM: ninka bolt sau 2 ka ƙara 10. X-Series: ninka sau 2.375 ka ƙara 7.3125, wato bolt 0.5 shi ne 8.5, bolt 4.5 shi ne 18, ƙasa da 0.5 sensa ba ta gama zafi ba, sama da 4.5 akwai matsala. Innovate: bolt 0 shi ne 7.35, bolt 5 shi ne 22.39. To a ce tsohon AEM gare ka, ka zaɓi fomular X-Series don sunan kamfanin ɗaya ne. Injin yana 14 a cikakken totur, abin da ke da hatsari, agogo ya fitar da bolt 2, rikodi ya rubuta 12.06. Kai da ganin wannan sai ka ce aiki ya yi.

Launin waya ma ba doka ba ne. A Innovate LC-1, rawaya ce ke kwaikwayon ƙaramar sensa, ruwan ƙasa ce mai 0 zuwa 5. A LC-2 an juya su. Wanda ya jona da abin da ya haddace zai ga layi ya maƙale kusa da bolt ɗaya ya rasa dalili. Takardar da ta zo cikin kwali ita ce abin bi.

Shawarata ma ka bar naɗa da 14.7, ka koma lamda, inda 1 ke nufin mai da iska sun yi daidai ko wane irin mai ne. Agogon da ma lamda yake aunawa, sai ya ninka da 14.7 don idonka. Fetur ɗin Amurka mai kashi 10 na etanol daidaitonsa wajen 14.1 ne, gas ɗin CNG da mutane suka koma wa bayan cire tallafin mai a 2023 kuwa wajen 17. A X-Series lamda ita ce bolt sau 0.1621 a ƙara 0.4990.

Ta cikin kwamfutar mota

Wannan dabarar masu tsofaffin motocin GM masu injin LS ce. Maimakon sayen kebur, sai a nemi wata kafar 0 zuwa 5 a kwamfutar motar da ba a amfani da ita, a cusa farar waya a wurin, a naɗi karatun ta soket ɗin OBD kamar kowace sensa. Kafar EGR, wato bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji, aka fi ɗauka, ko ta sensar matsin gas ɗin esi, ko ta matsin tankin mai. Kuɗinta kusan babu, ba waya mai lilo a cikin mota, kuma karatun yana zuwa tare da juyin inji daga tushe guda, ba wanda ya riga wani.

Amma fa ka san jikin kwamfutar mota za ka taɓa. Ƙafa ɗaya ka kuskure ka tura wuta inda bai dace ba, layin bolt 5 da wasu sensoshi ke sha tare zai iya faɗuwa, mota ta ƙi tashi. Kafar esi kuwa, da zarar ka ara ta kwamfuta ta daina ganin matsin gas na gaskiya, sai ta yanke kwamfiresa ko ta kunna fanka ba dalili. Wanda ke ƙasar sanyi zai iya haƙura. Mu da zafin watan Afrilu, in ka mayar wa mutum motarsa ba esi sai ya manta da duk ƙarfin da ka ƙara mata. Sannan matsalar negatif tana nan daram, sai dai a nan ruwan ƙasan waya za ta tafi ƙafar negatif ta sensoshi a kwamfutar. An gudu ba a tsira ba. Ina ba da wannan shawarar ne kawai ga wanda motarsa ce ta kansa, yana da zanen wayarin ɗinta a hannu, kuma kafar EGR ɗinsa a sake take.

Siriyal

Shuɗiyar wayar AEM tana aika lambar ce a rubuce, ba bolt ba, don haka ba fomula, ba ratar negatif mai karkatar da karatu. A soket ɗin DB9 sigina na shiga ƙafa ta 2, negatif ƙafa ta 5, gudunsa 9600, sai adafta mai mayar da shi USB. VCM Scanner, manhajar naɗar rikodi ta HP Tuners, yana karɓa. Ita ce mafi araha cikin hanyoyin dijital, kuma tana yi wa tsohuwar mota. Ciwon kanta na kwamfuta ne: adafta ta jabu da Windows ke ƙin karɓa, lambar COM da ke canzawa in ka sauya rami, wata manhajar da ta riga ta kama kafar. Nemi adafta mai ƙwaƙwalwar FTDI ka huta. Kuma dole laftof ya kasance a mota, ba za ka naɗa da na'ura ita kaɗai ba. In siriyal ya ƙi, shiru yake yi gaba ɗaya, ni kuwa na fi son wannan da analog da ke ba ka lamba mai kama da gaskiya.

CAN

Tun 1996 Amurka ta wajabta soket ɗin OBD mai ƙafa 16, daga 2008 kuma ta wajabta ya yi magana da harshen CAN a ƙafa ta 6 da ta 14. AEM suna da agogo mai lamba 30-0334 da ke shiga tsakanin soket ɗin mota da na'urar saiti, ya zuba karatunsa kan layin kamar wata kwamfutar motar ce. Ba yanka waya, ba fomula. In motarka ta 2008 ce zuwa sama kuma waidiban kaɗai kake so, wannan ita ce, ba sai an ja magana ba. Ya fi tsada, amma kwana ɗaya na farautar negatif ya biya bambancin.

A tsohuwar mota kamar a-kori-kurar can ba zai yi ba, don GM na lokacin ta ƙafa ta 2 suke magana, da yawa daga motocin Japan da na Turai kuma ta ƙafa ta 7. Sai dai X-Series na yau da kullum, 30-0300, yana da nasa wayoyin CAN guda biyu da za ka kai Pro Link kai tsaye, saƙo ɗari a sakan ɗaya, ba ruwansa da harshen motar. Kurakuran nan biyu ne kusan kullum: an musanya wayar CAN High da ta CAN Low, ko babu razista. Layin CAN yana son om 120 a kowane ƙarshe. Kashe wuta ka auna tsakanin wayoyin biyu, 60 ake nema. In ka ga 120, ɗaya ta ɓace. A murɗa wayoyin biyu tare, kada a raba musu hanya.

Inda analog ya zama dole

Matsin mai, matsin baƙin mai da iskar tobo, sensoshinsu na kasuwa kusan duk analog ne masu waya uku: bolt 5, negatif, sigina. Wannan ne dalilin da ya sa ban taɓa cewa kada a sayi Pro Link ba. Abin daɗi, ba su da hita, wutar da suke ja ƙalilan ce, in ka ba su bolt 5 da negatif daga tushe guda suna zama lafiya. Mai auna 0 zuwa 100 psi tana ba da bolt 0.5 in ba matsi, 4.5 in ta cika, wato cire 0.5 ka ninka sau 25. Wannan 0.5 ɗin shi ne shaidarka: inji a kashe, layi ba matsi, in ba ka gan shi ba kada ka tayar. Sifiri na nufin wuta ba ta zuwa ko sigina ya taɓa bodi, kusan 5 kuwa galibi negatif ne ya tsinke. Soket ɗinsu mai ƙafa uku kamanninsa ɗaya amma jerin ƙafafun yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kuma karatunsu yana bin wutar da aka ba su, in 5 ta sauka 4.8 komai ya ragu da kashi 4 cikin ɗari. In sensar da ke jikin mota za ka leƙa, ɗauki sigina da negatif kawai, kada ka ƙara mata wata wutar. Sensar zafi mai waya biyu kuwa ba bolt take fitarwa ba, sai an haɗa mata razista kafin a sami abin karantawa.

Haɗin waya kansa, murɗawa da hannu a naɗe da baƙin salatif yana iya riƙe fitila, ba ya riƙe siginar da bolt 0.1 ke da ma'ana a cikinta. Zafi ya narkar da gam, ƙurar hunturu ta shiga, bayan wata biyu karatu ya fara tsalle a kan gargada. Dalma ta fi, amma tana sandarar da waya, girgiza ta karya ta daidai inda dalmar ta ƙare. Matsewa da filayar da aka yi don aikin, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, shi ya fi daɗewa, a ɗakin inji kuma soket mai roba irin Deutsch ko Weather Pack. Maƙalen nan mai huda roba ya ciji waya, jefar da shi. Wayar sensar Bosch ita kanta ba a yanka ta, don akwai razistar daidaitawa a cikin soket ɗinta. A nisanta siginar daga koyil da wayoyin fulogi da babbar wayar altaneta.

In kuwa agogo da rikodi sun yarda da juna amma lambar ba ta shiga hankali, bar wayoyi ka shiga ƙarƙashin mota. Ɗan hujin walda kafin sensa yana zuƙo iska ya nuna ƙarancin mai na ƙarya. Sensar a gaban indomin salansa, wato matatar hayaƙi, take zama, ba bayansa ba, kuma a ɗage ta aƙalla digiri 10 daga kwance don ruwan raɓar salansa kada ya fasa ta.

Ga yadda nake zaɓa. Motar 2008 zuwa sama, waidiban kaɗai: mai shiga OBD. Tsohuwar mota, akwai Pro Link da X-Series: waidiban ta CAN, kafofin analog biyun a bar wa matsin mai da tobo. Tsohuwar mota, aljihu ba nauyi, laftof kullum a kujera: siriyal. Gareji mai karɓar motoci iri-iri ba shi da mafita sai ya iya analog, don wata rana tsohon agogo mai farar waya kaɗai za a kawo masa. Ta cikin kwamfutar mota ita ce ta ƙarshe a jerina.

A-kori-kurar can a analog muka bar ta, don tsohon agogo ne kuma adaftar siriyal ba ta kusa. Mun kai baƙar waya jikin inji, mun ja siririya zuwa na'ura, rata ta dawo bolt 0.01. Muka fita titi, na ɗaga ƙafa daga totur a giya, kwamfutar mota ta yanke mai, agogo da rikodi suka haura ƙarshe tare suka dawo tare. Yaron ya kunna fitilu da fanka da kansa, ya duba allo, ya ce, "Oga, to a fasa mayar musu da sensar?"